Ranar da Mma ta kasa gane muryata

Jama'ar Nima, salamu alaikum! Ni ne dai Basiru, wanda kuke kira Usur a bes ɗinmu, majalisar da muke shan shayin ataya. Na san na yi dogon shiru. Masu cewa na tafi ci-rani, ku yi haƙuri, asibiti nake ta zarya. Yau bakina ya buɗe, kuma wallahi daɗi kamar ya kashe ni!

Kun san inda sunan Usur ya fito. Shekarata ashirin da ɗaya, tsawo na yi, amma fuska sumul, murya siririya kamar usur, irin ta 'yan makarantar allo. Abokaina sun fara zuwa aski ana gyara musu gemu, ni ko gashin hammata babu. In na ɗaga waya sai a ce, "Hajiya, ba mu Basiru." A bes in yi dariya, a gida in yi kuka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masallacin layinmu. Na haddace Alƙur'ani, marigayi Babana ya yi limanci a nan, burina in tsaya inda ya tsaya ko sau ɗaya. Wata rana liman bai zo ba, na matsa gaba, wani dattijo ya riƙo mini riga. "Yaro, bari manya tukuna." Wanda aka tura ƙanina ne a shekaru.

Mma, mahaifiyata, mai sayar da tuwon zafi a bakin masallacin, cewa take, "Jininmu ne, ba ma saurin girma." Jiƙe-jiƙen da ta sayo mini a Kasuwar Malam Atta, da a jarka aka tara su da an buɗe shago.

Abin da ya tona asirin ciwon shi ne gas. Ina zaune a kicin ina tilawa, tukunyar gas na ta yoyo. Yayata Rahina ta shigo ta fizgo ni waje tana ihu. "Kai hancinka na ado ne? Duk gidan wari yake!" Ni ban ji komai ba. Tun da aka haife ni ban san ƙamshi ba, ban san wari ba. Turare nake fesawa saboda na ga ana yi.

Washegari ta cusa ni a trotro, motar haya, sai babban asibiti, wai a duba hanci. Likitar ta tambayi shekaruna, na faɗa, ta ajiye biro ta dube ni. "Ka taɓa aske gemu?" Na sunkuyar da kai.

Aka ɗebi jini da sassafe, aka ɗauki hoton ƙashin hannuna, aka tura ni cikin wata na'ura mai ƙara don hoton kai. A ciki na karanta duk addu'ar da na sani, don na ɗauka ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Katin inshora bai ɗauki wannan hoton ba, sai da Rahina ta sayar da atamfofinta.

Babu ƙari, Alhamdulillahi! Likita ta yi mini bayani: balaga daga kai take farawa. Wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke aika saƙo ga wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, shi kuma ya aika wa maraina ta cikin jini, su fara fitar da sinadarin da ke kawo gemu da murya da ƙarfin ƙashi. Ta ce masu aika saƙon farko, tun ina ciki, hanya ɗaya suke bi da jijiyoyin jin ƙamshi. Nawa ba su iso ba, shi ya sa na rasa biyun.

Na ce, "Dokta, ana warkewa?" Ta ce, "Hanci sai haƙuri. Sauran kuwa, ka shirya sayen reza."

Allura ce duk wata, aka fara da kaɗan. Cale, abokaina, na sha kunya! Ƙuraje suka feso, ci kamar gara, murya ta riƙa karyewa tsakiyar aya kamar zakaran da ke koyon cara. Ranar da na ga gashi a haɓata na kira Rahina ta zo ta shaida. Allurar zan ci gaba da ita, kuma likita ta ce in lokacin neman haihuwa ya zo akwai wata daban.

Shawarata: in yaronku ya wuce sha huɗu, ko yarinya sha uku, ba alamar girma, ku kai asibiti. In ba ya jin wari, ku faɗa wa likita. Kuma don Allah a rage tsokana, tana ciwo.

Na gode wa Allah, na gode wa Rahina da likitata.

Jiya liman ya tafi Tamale. Da Magariba, dattijon nan da ya taɓa riƙe mini riga, shi ya turo ni gaba da hannunsa. Na kabbara.

Da na fito, Mma na kwasar tuwo ƙarƙashin lasifika, idonta jawur. Ta ce, "Basiru, wane baƙo ne ya ja salla? Na rantse na ɗauka Babanka ne ya dawo."

Na ce, "Mma, ni ne."

Marar kwasar tuwon ta suɓuce daga hannunta.