Balbelar Iya da Tasin Baba

A gidanmu na Kurmin Mashi ba a tatsuniya sai an sauke tuwo. Mama ce ke zama bakin murhu da maficinta, mu yara mu kewaye garwashin da ya rage, sannan kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, ta jawo tabarmarta. Bakatsiniya ce mai ƙaramin jiki da kaifin baki. Idan ka yi gyangyaɗi a tsakiyar labarinta, da carbi za ta tashe ka.

Akwai makon da ba na mantawa. Baba direban tasi ne, motar kuwa ta wani Alhaji ce a Kinkinau. Sai motar ta tsiro da hali. Idan ya miƙi hanyar Zariya, lafiya lau, allurar zafi tana kwance inda take. Da ya shiga cunkoson bakin Babbar Kasuwa kuwa, allura ta tashi, tururi ya turnuƙe, fasinja su fice suna tsaki. Jarkar ruwa ta zama abokiyar tafiyarsa. An wanke lagireto, an canza murfinsa, duk a banza. Bakanike ya ce gaskit ce ta lalace a cikin inji, da safe za a buɗe shi. Alhaji kuma ya aiko cewa in har aka buɗe masa inji, Baba ya kawo makulli. Mu yara ma mun san ma'anar wannan, domin tasin nan ce tuwonmu.

Ran nan Baba ya dawo da wuri, fuska a murtuke. Mama ta ajiye masa kwano ta ce sannu, ya ce miyar ta yi sanyi. Ta ce bari ta ɗumama, sai ya ce:

"Bar shi. Mutum yana can rana tana dukansa, ku kuna nan zaune, ba ku san komai ba sai fifita."

Mama ta koma bakin murhu. Iya ta dube shi, ta dube mu, ta gyara zama.

"To, ga ta nan ta iso, mai kunne ya matso."

Muka ce ta zo mu ji.

Ta ce wani ɗan koli ne yake da takarkari, yana ɗora masa kaya gari zuwa gari. Kullum akwai wata balbela a kan tozon san. A hanya ba ta komai, sai dai ta lumshe ido ana tafiya da ita. Abin ya tsaya wa ɗan koli a rai. Ya ce shi yana tafiya a ƙasa, sa yana ɗaukar kaya, ita kuwa hawan banza. Ya ɗauki sanda ya kore ta. Aka ci gaba da tafiya, bai ga abin da ya ragu ba, har yana yaba wa kansa. Sai da suka iso ƙofar birni ranar kasuwa, jama'a ta cushe, ba gaba ba baya. Nan sa ya fara haki, kumfa na fita a bakinsa, ya durƙushe. Aka ba shi ruwa ya tashi. Kasuwa ta gaba ma haka. Masu magani suka ce ciwon a ciki yake, ɗan koli ya kira mahauci.

Ƙanena Sani ya ce, "Iya, kar a yanka shi."

"An yanka, ɗan nan. Aka buɗe cikin, hanta lafiya, huhu lafiya, ko tsutsa babu. Sai ga balbela a kan katanga tana cewa: a hanya iskar Allah ke fifita shi, shi ya sa nake barci. In an tsaya ne aikina ke farawa, ni ke kaɗa masa fiffike. Kai kuwa ba ka taɓa kallona ba sai muna tafiya. Ƙurunƙus, kowa ya nemi makwancinsa."

Sani ya fara kuka saboda san. Ni kuwa Baba nake kallo, don ya tsaya da loma a hannu. Ya wanke hannu, ya ce in ɗauko tocila. A ƙofar gida ya tayar da motar, ya buɗe bonet, ya bar ta tana aiki a tsaye. Muka jira. Allura ta fara hawa, ta wuce rabi, fankar da ke bayan lagireto kuwa ko motsi. Baba ya buɗe akwatin fis, ya haska, ya yi salati a hankali. Gurbi ɗaya babu komai a ciki. Ashe kwanakin baya hon ɗinsa ya mutu a tsakiyar aiki, kuma direban tasi ba hon ai bebe ne a kasuwa. Sai ya zare wani fis da yake ganin ba shi da amfani ya sa a na hon, ya kama hanyar Zariya, bai ga abin da ya canza ba, ya manta. Ya mayar da fis ɗin gurbinsa, fanka ta ɗauka da ƙara. Wallahi ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Ba a buɗe inji ba, makulli kuma ya kwana a aljihun Baba.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin hikimar Iya a kan mota. Har yau idan tawa ta yi zafi, tambayar farko da nake yi ita ce, a gudu ne ko a tsaye? Sai bayan na yi aure na tambaye ta yadda aka yi ta gano fanka ce. Ta yi dariya har da tari.

"Ni me na sani da mota? Ko gabanta ban taɓa zama ba. Da uwarku nake, babanku kuma ya tashi ya tafi wajen ƙarfe."

Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Baba ya ajiye tuƙi tun da ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, yanzu daga ɗaki sai inuwar zaure. Abokan tasha sun yi zuwa na farko-farko, daga baya ƙafa ta ɗauke. Rannan na je gaishe su da azahar, an ɗauke wuta, zafi kamar a gasa gurasa. Na same shi kwance a tabarma, Mama na gefensa tana kaɗa masa mafici, hannu ɗaya ya gaji ta koma ɗayan. Na ce ta kawo in karɓe ta. Baba ya buɗe ido, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da ni:

"Karɓe ta, Hadiza. Tun kuna yara take yi, ban taɓa ce mata sannu ba."