Gishirin Kaka da Kasuwar Kura

Har yau in na ji ƙamshin itacen ƙirya yana ci, sai in ga kaina a Keana, a bayan ɗakin Kaka, zaune a kan kifaffen turmi. Mu a Lafia muke, amma da an ba da hutun rani sai Mama ta kwashe mu ta kai wa uwarta, wai mu je mu san wahala. Kaka gishiri take yi, kamar yadda uwarta ta yi. Da rana takan yayyafa ruwan gishiri a fegin ƙasarta, rana ta busar, ta kankare ƙasar ta zuba a tukwane masu huda a gindi, ta tace. Da yamma a ɗora ruwan da ya tsatso a wuta. Ba a barin tukunyar gishiri ita kaɗai, don haka bayan magariba mu jikoki mukan kewaye murhu muna tura itace, ita kuma ta biya mu da tatsuniya.

Kada wani ya zaci tsohuwa ce mai lallashi. Kaka da faɗa take tatsuniya. Alago ne harshenta, Hausarta ta kasuwa ce, kuma in labari ya kai mata wuya sai ta koma harshenta ta zage mugun cikin labarin tas, sannan ta dawo mana. Takan buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Ga wani ya fito daga toka, wa zai kama?" Mu ce, "Mu ne!" Ni kuwa Uwar Tambaya take kirana, don ba na barin magana ta wuce.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta yarinya mai gishiri. Wai wata marainiya ta yi rani guda tana tacewa tana dafawa, har ta sami gishiri ƙwarya ɗaya, fari tas. Shi ke nan abin da ta mallaka. Kusa da su akwai wata 'yar kasuwa a gindin tsamiya, inda matan gari ke sayen kayan miya, amma yarinya ta raina ta. A ƙetaren kogi kuma akwai kasuwar Kura, mai ganguna da tutoci, ana shela cewa duk wanda gishirinsa ya fi kyau za a auna masa zinariya. Yarinya ta ɗauki ƙwarya ta haye.

A ƙofar farko Kura ta tare ta da fara'a, ta ce ai sai an ɗanɗana kafin a shiga, ta dumbuza hannu guda. A ƙofa ta biyu ƙanwar Kura ta ce wancan ɗanɗanon na masu gadi ne, na alƙalai daban. Haka aka yi ta yi da ita ƙofa bayan ƙofa, kowa yana yaba gishirin yana dumbuza. Da ta kai tsakiyar kasuwa sai ta tarar ba rumfa, ba mai saye, fili ne kawai da wata ƙofar fita, ga 'yan mata irinta tsaye da ƙore wayam. Aka rataya wa kowacce ganye a wuya, alamar ta yi ƙoƙari, aka ce su dawo baɗi. Kura kuwa ta tara dumbuzen nan buhu-buhu ta kai wani gari ta sayar.

A nan Kaka takan ja itace daga wuta, alamar an gama. Ranar da na fara jin labarin na miƙe tsaye don haushi.

"Kaka, to sai me? Ba za a dawo mata da gishirinta ba?"

"Ni na ci? Ki je ki tambayi Kura."

"Amma ai ba ta yi laifin komai ba!"

Ta nuna ni da ludayi. "Ya yi laifi. Ya ji ganga, bai duba hayaƙi ba. Kafin ki kai gishiri garin mutane, ki tsaya nesa ki duba ko hayaƙin girki yana tashi. Kura yana miya ne? Wanda ba ya miya, me zai yi da gishirinki in ba sayarwa ba?"

Na kwanta ina kuka, ina jin haushin Kura, ina jin haushin Kaka fiye da Kura. Sai da na girma Mama ta gaya mini cewa wani ɗan birni mai mota ya taɓa kwasar buhunan Kaka na rani guda, wai zai kai baje koli a gwada, in an yaba a dawo da ciniki babba. Ba a sake ganin ko ƙurar motarsa ba. Ashe ba Kura take zagi ba duk shekarun nan.

Kaka ta rasu da daɗewa. Ni yanzu koyarwa nake a wata makarantar kuɗi a Lafia, ina haya a unguwar Akurba, kuma na kamu da ciwon rubutun fim. Na yi shekaru ina gina labari ɗaya, na wata yarinya mai dafa gishiri da wani ɗan birni ya yaudara. Bara da na kwashi adashi, bayan na biya haya, abin da ya rage bai wuce kuɗin shiga gasa ɗaya ba. In na jefa shi inda bai dace ba, sai wata shekarar, in ma adashin ya sake zagayowa lafiya.

Ɗan kawuna, Yaya Sule, mai shagon waya a kasuwa, shi ya zauna ya tono mini gasanni a intanet. Akwai wata ta ƙasar waje, shafinta sai ƙyalli, da hotunan mutane cikin kwat suna riƙe da kofi. Da dala ake biya, kuma dalar kullum tana hawa kamar mai gudun kare. In kana son a gaya maka ra'ayin alƙalai, ka ƙara kuɗi. In ka makara da sati ɗaya, ka ƙara kuɗi. In ka haye zagayen farko, akwai wani horo na dole, shi ma da kuɗinsa. Akwai kuma wata ƙarama da wasu masu wasan kwaikwayon rediyo suke shiryawa a Jos, suna karɓar Hausa, kyautarsu ba ta taka kara ta karya ba, shafinsu ma kamar an yi shi da gawayi.

"Abeg, Hajara, ki bar wannan na Jos," in ji Yaya Sule. "Lokal ne. Ki shiga na waje, in kin ci kin haye. Amma ki canja ƙarshen, Turawa suna son a gama da murna. Ki sa a kama mutumin, a dawo mata da kayanta."

Na bi maganarsa. Na zauna na ƙara shafuka, 'yan sanda suka cafke ɗan birni, yarinya ta sami gishirinta har da riba. Na fara juya rubutun zuwa Turanci. Ranar da zan biya, ina zaune a shagonsa da waya a hannu, sai idona ya faɗa kan abin da suke ba waɗanda suka kai zagayen ƙarshe: hoton ganye guda biyu a lanƙwashe, da sunanka a tsakiya, ka liƙa a shafinka. Ganye! Irin wanda Kura take ratayawa.

Na ce, "Yaya, nemo mini fim ɗaya da aka yi daga rubutun da ya ci gasar nan."

Ya yi ta latsa waya har shayinsa ya huce. Sunayen waɗanda suka ci suna nan reras, shekara bayan shekara, amma babu fim ko na minti biyar. Na ce ya duba ta Jos. Nan take ya samo gajerun finafinai, hoton wani yana rawa, sautin wani kamar a cikin rijiya, amma an yi su, mutane sun kalla, har suna faɗa a ƙasa kan wanda ya fi kyau.

Wallahi ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Mutum ya hana kansa nama, ya taka da ƙafa daga Akurba don kada ya biya ɗan acaba, ya yi rubutu da fitilar waya, sannan wasu ƙatti da ba su taɓa ɗora tukunya ba su kafa ƙofofi su zauna suna dumbuza. Ba labarinmu suke so ba, ba su ma da inda za su kai shi. Yawanmu suke so, mu masu ƙwarya ɗaya, mu yi layi mu biya mu karɓi ganye mu gode. Har yanzu ina tuna yadda saura ƙiris in danna in biya.

Ta Jos na biya, na aika rubutun Hausa yadda yake, da sabon ƙarshensa. Ban ci ba. Amma bayan an sanar da sakamako wata mata ta kira ni, ta ce tana cikin alƙalai, muryarta ta dattijuwa, ba ko doguwar gaisuwa.

"'Yata, ke kika rubuta na mai gishiri?"

"Ni ce, Mama."

"Na karanta har inda yarinya take kankare ƙasa da guntun kwano, na ce wannan ta zauna a gindin murhu. To wa ya ce ki dawo mata da gishirin? A ina kika taɓa ganin an dawo da shi? Ƙarshen nan ƙarya ne, shi ya kayar da ke. Ki gyara ki kawo mini da kanki, ba sai kin sake biya ba."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin da na kwana da shi a Keana, don na san wannan faɗan, na san mai shi. Matar nan ta sa gishirina a miyarta ta ɗanɗana da gaske, shi ya sa ta gane inda na zuba yashi.

Da na dawo daga makaranta washegari na buɗe rubutun, na goge 'yan sanda, na goge riba. Na bar yarinyar tsaye a bakin hanya da ƙwarya wayam, tana kallon inda mota ta bi, kamar yadda aka bar Kaka.