Wainar da Na Cusa wa Abokina a Baki

Gara in faɗi laifina tun da wuri: ni na cusa masa wainar a baki. Hamma ya yi, irin wadda za ka iya hango tuwon da mutum ya ci shekaranjiya, ni kuwa hannuna bai taɓa neman shawarata kafin ya yi aiki ba.

Abokina Ibo ne. Gidansu na can inda unguwarmu Sabo ta ƙare unguwar Mokola ta fara, bayan rumfar mai faci. Ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. Su ba coci suke zuwa ba, ba kuma masallaci ba. Addinin Yahudu suke bi, Asabar ce babbar ranarsu. A ranar, babansa ba ya buɗe shagonsa na gyaran fanka, mamansa ba ta hura wuta.

Ummana waina take toyawa a gida, ni ke kai wa mai shayin bakin titi duk safiyar Asabar, hanyata kuma ta ƙofar gidansu ta bi. Kullum sai Umma ta ƙulla guda huɗu a leda daban ta ce, "Biyu naka, biyu na abokinka. Biyu-biyu na ce, kana jina?" Sai mu zauna a dakalinsu mu ci da yaji, muna yi wa 'yan okada ba'a da Yarbanci ƙasa-ƙasa. Shekara uku muna haka. Har yau in na wuce dakalin nan ƙafata kan rage sauri da kanta.

Wata Asabar ya fito da farar riga da wata 'yar hula wadda ba ta kai murfin kwalba ba. Na miƙa masa ledar, ya maida hannayensa baya.

"Ajiye mini sai an jima," in ji shi.

"An jima ai ta zama takalmi. Me ya same ka?"

"Na cika shekara sha uku. Yanzu ba na cin komai da safen Asabar sai mun gama addu'a Baba ya sa albarka a kan kofi."

"Kofin ne ke jin yunwa ko kai?"

"Ruwa kawai zan iya sha kafin a fara. In an idar da addu'ar kuwa, ko ruwan ma babu sai Baba ya ɗaga kofin."

"To satin da ya wuce fa?"

"Lokacin yaro ne ni."

"Sannu tsoho. Ina jikoki?"

Na zauna a gabansa ina cin tawa a hankali, ina lumshe ido kamar mai tallan maggi a talabijin. Cikinsa ya yi wata ƙara da na ɗauka janareton maƙwabta ne. Daga nan ya yi hammar.

Bai tauna ba. Da gudu ya je bakin kwata ya tofar, ya kurkure baki har sau uku, idonsa ya kawo ruwa. Ni ban ga idon ba a lokacin. Wainar uwata kawai na gani a cikin kwata. Na ce, "Yau abincinmu ne ya zama ƙazanta?" Ya shige gida.

Sati bakwai ba ma magana. A benci jakar makaranta muka sa a tsakani. Sau biyu ya taɓa mini kafaɗa zai yi magana, na juya kai kamar wani gwamna. Na sauya hanyar zuwa wurin mai shayi. Umma ba ta fasa ƙulla huɗu ba, ni ma ban fasa cinyewa ba, amma a tsaye nake ci a bayan wani kango, ba wanda zan yi wa dariya in yaji ya shaƙe shi.

Sai ga Babbar Sallah. A gidanmu Baba ba ya karyawa ranar sai an sauko daga idi, an yanka rago, an gasa hanta. Da ita yake buɗe baki. Da can ba ruwana, ina ci kamar gara. Amma a wannan shekarar da muka dawo da ragon daga kasuwar Akinyele ya dube ni ya ce, "Ka girma. Bana tare za mu jira hanta."

Na amsa da ƙarfi saboda ina jin kaina. Kafin mu dawo daga idi na fara ganin mutane bibbiyu. Ana fiɗar ragon ina zaune a tsakar gida ina tunanin wanda zan bar wa ƙwallona in na mutu. Sai ƙanwata, wadda ba a ɗora wa jiran komai ba, ta zo da cincin cike da hannu ta tsaya a gabana tana taunawa.

"Yaya, ka ci mana. Ba wanda zai sani."

Kafin in kore ta ta danna mini ɗaya a leɓe. Na tofar da shi can gefe.

Umma na bakin murhu. Ta ce, "Cincin ɗin nawa ka tofar?"

"Umma, ba cincin ɗin ba ne. Lokaci ne bai yi ba."

Ta dube ni ta ce, "To. Ashe ka sani."

Ashe maman abokina ta daɗe da ba ta labarin wainar da dalilin tofar da ita, ranar da ta shigo sayen kamu. Umma ta yi shiru ne tana jiran in gaji da cin huɗu.

Na ce zan kai musu cinyar rago guda. Ta ce, "Ba sa cin nama sai yankan nasu, kada ka ƙara wani shirmen a kan na farko. Ranar Asabar ka ɗauki waina, ka je da cikinka wayam, ka jira su."

Haka na yi. Na zauna a dakali ina jin muryoyinsu daga ciki, babansa da wasu maza biyu, suna rera addu'a da wani harshe da ban sani ba. Ta yi tsawon da na tabbata gemu ya fara fito mini. Can babansa ya leƙo ya ce, "Ɗan Alhaji, shigo mana."

Kofin na kan tebur, cike taf da wani jan abu. Na raɗa wa abokina, "Giya ce?"

"Ruwan inabi ne na kwali, matsoraci. Ba wanda ya ce ka sha."

Maganarsa ta farko ke nan gare ni a sati bakwai. Babansa ya ɗaga kofin ya rera, suka ce amin, irin tamu sak. Suka kurɓa, aka wanke hannu, aka gutsura burodi. Sannan na kwance ledata. Wainar ta yi sanyi ƙalau. Ya ci uku.

Na ce, "Umma biyu-biyu ta ce."

Ya ce, "Ɗayar ta cikin kwata ce."

A teburin nan babansa ya ce in gaida Umma, in gaya mata za su koma garinsu can gabas, inda mutanensu ke da yawa, ya gaji da yin addu'a da mutum uku. Abin da abokina ya so gaya mini ke nan da ya taɓa mini kafaɗa.

Asabar ɗin nan ɗaya ce kawai na samu. Ranar Laraba motar kaya ta zo. Lambar babansa da ya rubuta mini a bayan littafin lissafi ba ta shiga. Wani mai sayar da taya ne a gidan yanzu, Umma kuma guda biyu take ƙulla mini.