Inabin da Ya Jira Ruwan Kwoi

Shekarun da na yi ina ɗaukar faranti a Dubai sun isa a haifi yaro, ya shiga firamare, har ya fara yi wa uwarsa musu. Duk a gidan abinci ɗaya na yi su, cikin wani otal na bakin ruwa, inda ake dafa abincin mutanen Galisiya, wani yanki na ƙasar Sifen da ke jingine da teku. Ban taɓa taka ƙasar ba. Amma da za ka ji ni tsaye a gefen tebur ina ba da labarinta, sai ka rantse a can aka binne cibiyata.

Labarin ba ya canzawa, masu ci ne kawai ke canzawa. Nakan ce musu can ruwan sama ba ya gajiya, ƙasa kullum a jiƙe take, shi ya sa ba a barin kurangar inabi kusa da ƙasa. Ginshiƙan dutse suke kafawa, su ɗaga ta sama kamar rumfar kasuwa, iskar teku ta riƙa bi ta ƙarƙashi don kada 'ya'yan su ruɓe, tsofaffin mata kuma su shuka kabeji a inuwar. Babban inabinsu fari ne, mai ƙananan 'ya'ya da kaurin fata, sunansa Albarinyo. Ruwansa yana da tsami mai wartsakarwa, da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe. Sai in ce ba abin da ya dace da shi kamar naman ruwan nan mai ƙafa takwas, wanda ake dafawa a yayyanka kan dankali a akushin katako, a zuba man zaitun da garin tattasai. In na kai nan baƙo ya riga ya gyaɗa kai, ni kuma ƙafafuna sun riga sun fara zogi.

Ni ɗan coci ne, ba na sha. Ranar da ake koya mana ɗanɗano nakan kurɓa, in juya shi a baki, in tofar a bokiti. Abokan aiki su yi ta cewa suna jin ƙanshin tuffa da furanni. Wata rana na ce ni dai tsamiya nake ji da ɗanyen mangwaro. Kowa ya yi dariya, ban da shugabar kicin ɗinmu, wata dattijuwa 'yar can ƙasar da muke kira Madam, mai faɗa kamar an aiko ta. Ta tambaye ni me ubana yake yi. Na ce manomin citta ne a Kwoi, kudancin Kaduna, har ya rasu. Ta ce nata uban ma manomi ne, inabi yake yi a wata 'yar gona da ke kallon teku. Daga ranar, in aiki ya lafa, ni nake tambayarta abin da ba wanda ya damu da shi: wace irin ƙasa ce, da me ake taki, yaushe ake sassabe.

A wata Janairu mahaifin nata ya rasu. Ta je jana'iza ta dawo a rame, ta kira ni bayan kicin ta miƙo mini wani abu naɗe a jiƙaƙƙen tawul. 'Yan sanduna ne busassu a ido, ba su cika hannu ba. Ta ce 'yan'uwanta sun sayar da gonar, za a tumɓuke kurangar a gina gidajen hutu, shi ne ta yanko waɗannan daga wadda ta fi tsufa. Ba a shuka inabin kirki da ƙwallo, in ji ta, da reshe ake yi. Na ce kamar rogo ke nan. Ta ce ba ta san rogo ba, amma ni kaɗai ne a gidan nan na san ƙasa, in riƙe.

Kyautar ta zo mini a kan gaɓa. A gida wani ciwo ya shiga citta yana ruɓar da ita tun a ƙasa, ƙanena da ke riƙe da gonar babanmu ya rasa inda zai sa kansa. Na kuma ji ana noman inabi a wajen Zariya. Ni ma na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Kwangilata za ta ƙare a tsakiyar shekarar. Sai na yi wa kaina alkawari: in rassan nan suka kama, ba zan sabunta ba, zan ɗauke su in koma gida in dasa a gonarmu. Na faɗa wa ƙanena, na tura masa hotunan rumfunan dutsen da ke rataye a bangon gidan abincinmu.

Na tambayi Madam yaushe ake dasawa. Ta ce su dai a can sai sanyi ya wuce. Maganar ta yi daidai da abin da ke jinina. A wurinmu Janairu da Fabrairu rani ne, ba mai hankalin da zai sa abu a ƙasa. Babanmu ko binne bai yarda da shi ba, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Cewa yake yi sadaka ce ga zabi. Sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙanshi, sannan ya ɗauki fartanya. Don haka na ɓoye sandunan a ɗakin sanyi na kicin, bayan akwatunan kifi, ina yayyafa wa tawul ɗin ruwa, ina jira.

Ba wai ban san babu damina a Dubai ba. Na sani sarai. Kowace shekara ta tagar motar aiki ina ganin ma'aikata suna dasa furanni a gefen titi da zarar gari ya yi sanyi, su kwashe gawarsu in zafi ya shigo. Idona ya gani, kaina bai ɗauka ba. Sabo turken wawa.

Madam ta ajiye aiki a watan Maris, ta koma jinyar mahaifiyarta. A cikin Afrilu ƙanena ya kira da murna ya ce ruwa ya sauka jiya, har ya kwana yana yi. A ranar hutuna na je wurin masu sayar da shuke-shuke a nan Al Warsan inda muke kwana, na sayo ƙasa a buhu, na huda gindin tsohon bokitin fenti. Wasu sandunan sun riga sun yi fumfuna, na zubar, na soke sauran a ƙasar kamar yadda ake soka rogo. Ina cikin yi abokin ɗakina ya fito, wani ɗan Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya a kaina da buroshi a baki.

"Oga, me kake dasawa yanzu? Summer fa ya kusa, lokacin zafi, habibi."

"Ruwa ya sauka a gida," na ce masa.

"A gida. To, a nan wa ya gaya wa rana?" Ya wuce banɗaki yana cewa, "Khalas, shi ke nan, Allah ya ba da sa'a."

Haushi ya kama ni, don ban ga abin da mai harkar wayar wuta da iskar gas zai koya wa ɗan manomi ba.

Da farko kamar ni ke da gaskiya. Sanda ɗaya ta fasa ido, ta fitar da ganye mai laushi da gashi-gashi, wani ya biyo baya. Rabon da in ji daɗi irin na wannan makon har na manta. Na tura wa Madam hoto, ta amsa da cewa ta nuna wa mahaifiyarta, tsohuwar ta sumbaci wayar. Na tura wa ƙanena, ya ce shi ma ba zai zauna ba.

Sai Yuni ta shigo. Wanda bai yi bazara a garin nan ba, ba zai gane ba. Ruwan famfo da kansa yakan fito da zafi kamar na shayi. Motar aiki takan ɗauke mu da hantsi, bokitin ya wuni a bayan gini shi da bangon da ke tururi. Na yi masa inuwa da kwali. Ɗan Jos, da bai riƙe ni a zuci ba, ya jawo mini tiyo daga bayan na'urar ɗakinmu don ruwan da take ɗigarwa ya riƙa sauka a gindinsa. Duk da haka ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki. Na shigar da shi ɗaki, ga mu cunkushe gado kan gado, ba haske, sanyin na'ura kuma ya ƙara busar da shi. Na fitar da shi baranda, mai kula da ginin ya ce ba a ajiye bokiti a hanya. Haka na yi ta yawo da shi kamar mai majinyaci a asibitin da ba gado.

Wata safiya na kankare bawon da farce, kamar yadda ake duba itace. Babu kore a ciki, ko kaɗan. Na gwada ƙasa da nan, na gwada kusa da saiwa. Na zauna a kan dandamali, ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini gaba ɗaya. A makon aka kira ni ofis kan maganar sabunta kwangila, na sa hannu ba tare da na zauna ba.

Ranar Lahadi bayan an taso coci ƙanena ya kira ta bidiyo. Yana tsaye a gona, ana yayyafi, rigarsa ta manne a jiki. Ya juya wayar ya nuna mini. Duwatsu ya faso daga tudun bayan gari, dogaye, ya kafa su a jere a gefen rafi, ya ɗaura wayar ƙarfe a samansu, daidai da hoton da na tura masa. Tafin hannunsa duk ya fashe.

"Yaya, ka gani? Rumfa ta tsaya. Saura kai da itacen."

Na ce masa itacen ya mutu, zafi ya kashe shi. Ina jin ruwa yana buga masa waya.

"Ka shuka duma a gindinsu," na ce, "shi ma yana hawa rumfa."

"To, Yaya." Ya share fuska da hannu. "Kai fa? Yaushe za mu je tarbarka?"

Na ce masa motar aiki ta iso, zan kira shi. Da gaske kuwa ta iso, direba yana ta danna ham yana cewa yalla, a yi sauri, na ɗauki takalmina a hannu na fita.