Jumma da Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan da ke kewaye da Tofa ranar suyar ƙuli-ƙuli ya san Jumma. In bai ga fuskarta ba, to ya ji muryarta. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai saurin ƙafa da saurin baki. A gidan manoma aka haife ta, a gidan manoma ta yi aure, kuma gonar dawa ɗaya ce ta raba gidajen biyu. Matsar man gyaɗa ta gada a wurin mahaifiyarta, ta kuma fi ta hannu. Boko dai ta ɗan taɓa ta ajiye, ba don wani ya hana ta ba. Ita ce ta ce zama wuri ɗaya yana sa mata ciwon baya.

Jumma fa ba ta da maganar da take tsoro. Ta taɓa tsare mai unguwa a kan hanyar rijiya ta wanke shi tas saboda shanunsa sun shiga gyaɗarta, ya tsaya yana susar ƙeya. Amma akwai kalma guda da ba ta taɓa fitowa daga wannan bakin ba, ita ce sunan 'yarta ta fari, Mubina. Haka aka taso a can: uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta yabe shi. Matan zamani sun fara sakin abin, amma ba a gidan su Jumma ba, inda surukarta Inna Safiyatu take zaune daram a kan tabarma tana ganin shige da ficen kowa. Ƙannen yarinyar, Ziyad da Nazira, wuni ake ana kwaɗa musu kira har maƙwabta su gaji. Ita kuwa babbar sai “ke”, sai “waccan”, in an yi mata gata a ce “yarinyar nan”.

Mijin Jumma, Khamisu, mutum ne shiru-shiru. Yana noma gonarsa, yana kuma tuƙa bas ɗin ɗaukar yara a wata makarantar Kiristoci da ke gefen birni, daidai inda hanyar Tofa ta shiga gari. Makarantar je-ka-ka-dawo ce, ba a kwana. 'Ya'yan Kwarori ne a ciki da Indiyawa da 'yan Sin, ga Ibo ga Yarbawa, ga kuma 'ya'yan manyan Kano. Wata rana ya dawo, ya jingine babur, ya wanke hannu, sai da ya kusa cinye tuwo sannan ya ce wai makarantar tana ba tsofaffin ma'aikata gurbin yaro ɗaya kyauta, kuma an gwada yarinyar nan ta ci. Kai, wannan bawan Allah! Labari irin wannan ya bari sai da tuwo ya kusa ƙarewa.

Inna Safiyatu ta ajiye carbi ta ce, “Makarantar mishan? Jikar tawa?”

Jumma ba ta yi gardama da suruka ba. Washegari ta yafa gyale ta hau bayan babur, ta ce sai ta gani da idonta. Wurin da ta fara nufa ɗakin girki ne, ta tambayi wa yake yanka naman. Aka nuna mata mai dafa abincin, Musulmi ne da tabon salla a goshi, ya ce daga hannun mahautan birni yake karɓowa da kansa. Ta leƙa wani ɗaki ta ga darduma a shimfiɗe da butoci a jere, aka ce nan yaran Musulmi suke azahar. Shugabar makarantar, wata doguwar Baturiya, ta sa aka fassara mata cewa su Kiristoci ne, kullum da safe suna karanta littafinsu su yi waƙa, ba sa ɓoye wa kowa, ba sa kuma tilasta wa ɗan kowa. Wannan ce ta kwanta wa Jumma a rai, domin ita tana son mutumin da zai faɗa maka abin da yake ciki tun a bakin ƙofa. Liman da aka je wurinsa ya ce muddin yarinya a gida za ta kwana, kuma ba za ta yi fashin allo ba, a sa mata albarka.

To daga nan fa masu sayen mai suka shiga uku. Mace ta zo da kwalba, ba za ta fita ba sai ta sha labarin makaranta.

“Ajinsu fa yaran ba su kai kajin gidan nan yawa ba,” in ji Jumma, tana juya tunkuza a kasko. “Malama ta san kowa, ta san wanda bai karya ba. Ga wani ɗaki littattafai har sama, ka ɗauka ka tafi da shi gida, babu mai bin ka. Ga kududdufin iyo an shafe shi da tayil, ruwan garai-garai, mata ranarsu daban.”

Wata rana yarinyar ta ɗebi ruwan randarsu a 'yar kwalba ta kai makaranta, aka sa a madubin da ke ƙara wa abu girma, ta dawo ta zana wa uwar abubuwan da ta ga suna iyo a ciki. Jumma ta yi salati, ta kwashe wunin tana wanke randuna, tun daga ranar sai an tace an tafasa. Nas ɗin makarantar kuma ta duba idon yarinyar ta ba ta tabarau. Ashe kanne idon nan da ake yi mata faɗa a kai ana cewa raini ne, ba ta hangen nesa ne. Wannan ya sosa wa Jumma rai ƙwarai, ta shiga ɗaki ta share hawaye ba tare da kowa ya gani ba. Har iyaye ba a bari ba. Ran Asabar ɗin farkon wata ana auna jinin duk wanda ya je, a can aka gano hawan jinin Inna Safiyatu. Tun daga lokacin tsohuwa ta daina cewa makarantar mishan, ta koma cewa makarantar jikata.

Sai dai duk wanda ya kasa kunne zai lura da abu guda. Jumma takan yabi aji, ta yabi nas, ta yabi har fentin bango, amma ba ta taɓa cewa yarinyar tana da ƙoƙari ba. Nan ne iyakar inda kunya ta bar ta ta kai.

Shekarar da Mubina za ta gama firamare, wata yamma suna zaune suna ɓarar gyaɗa, yarinyar ta ce, “Umma, akwai ranar iyaye. Mu da za mu gama, kowa zai hau dandamali. Sai uwarsa ko babansa ya zo ya kira sunansa, ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah a kansa.”

Hannun Jumma ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta ce, “Babanki ya je.”

“Baba ya ce shi ma ai 'yar farinsa ce, kuma shi zai yi jigilar mutane.” Yarinyar ta gyara tabarau, ba ta ɗago ba. “Ni ke nake so. Tun daga bakin rijiya nake jin kina kiran Ziyad. Nawa ban san yadda yake a bakinki ba.”

Wallahi da mari aka yi wa Jumma da ya fi mata sauƙi. Ta tashi ta hau tura itace a murhun da ba ya bukatar turi.

Kwanakin da suka biyo baya abin dariya abin tausayi. Matar da ta tsare mai unguwa ce take zagayawa bayan rumbu tana gwada kalma ɗaya. Ta buɗe baki, leɓe ya haɗu, sai ta ji kamar duk matan gidansu na da da na yanzu sun zuba mata ido, sai ta ɓige da tari. Ta gwada a bakin turmi ko ƙarar taɓarya za ta rufe, ina! Har akuya ta tsaya tana kallonta, ta kore ta da zagi. Da abin ya ishe ta, ta bi Khamisu birni wurin malamar ajin, Malama Rifkatu, Bahaushiya Kirista 'yar ƙasar Rano. Ba ta gama bayani ba malamar ta yi murmushi.

“Maman Ziyad, ni za ki gaya wa? Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba. Kada ki damu, kaka ma tana iya tsayawa. Zan yi wa shugaba bayani.”

Inna Safiyatu da ta ji, har da gyara ɗaurin kallabi. Ta ce dama wannan aikin kaka ne, ita za ta kira jikar tata a gaban Turawa, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ta gayyaci matan gida su raka ta. Jumma ta ji an sauke mata kaya, ta koma raha da surutu. Da aka gaya wa Mubina ta ce, “To,” ta ɗauki allonta ta fita.

Ranar taro gidan ya tashi tun da sassafe. An sha lalle, an fito da atamfar ƙasan akwati, Jumma ta cika roba da ƙuli mai sukari wai tsarabar malamai. Zauren makarantar kuwa ya sha ado, tutocin ƙasashe reras, fanka ta ko'ina. Yara suka yi waƙa, suka nuna wata 'yar mota da suka haɗa tana tafiya da hasken rana, Jumma tana zungurin ta kusa da ita tana cewa ki gani fa, ki gani. Sannan aka fara kiran iyaye. Wani ƙaton Kwara mai tumbi ya hau, ya kira ɗansa, bai kai ƙarshen magana ba ya fashe da kuka, ya rungume yaron. Wata Bayarabiya ta jero wa 'yarta kirari har da rawa. Matan ƙauye suna rufe baki da gyale suna dariya ƙasa-ƙasa.

Sai layi ya zo kan Mubina. Ta fito ta tsaya tsakiyar dandamali cikin farin hijabi. Duk yaron da ya fito sai ya miƙa wuya yana neman nasa a cikin jama'a. Ita ba ta nemi kowa ba, takalminta take kallo. Inna Safiyatu ta dafa gwiwa, ta fara kiciniyar miƙewa.

Jumma dai har yau cewa take ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ji kanta a tsakiyar hanya, takalmi yana ƙara, wata daga cikin matan gida tana jan gefen gyalenta ya zame. Ta hau matakala. Malama Rifkatu ta dube ta, ta miƙa mata abin magana. Zufa ta karyo mata, bakin nan da ba ya mutuwa ya bushe ƙamas.

Can da kyar, da wata 'yar murya da ba wanda ya san ta da ita, ta ce, “Mubina.”

Yarinyar ta ɗago a hankali. Ta daɗe tana kallon uwar, sannan ta ce, “Na'am, Umma.”

“Ni na haife ta,” in ji Jumma, idonta a kan yarinyar, ta manta da jama'a. “Da ita Allah ya fara yi mini kyauta. Ba ta taɓa sa ni kuka ba, ni ce nake sa ta. Na gode masa.”

Iyakarta ke nan. Malama Rifkatu ta juya maganar zuwa Turanci, zaure ya ɗauki tafi. Jumma ba ta iya rungumar nan ta mutanen birni ba, sai ta kama hannun yarinyar ta riƙe gam har suka sauko.

Aka hau bas aka kama hanyar gida. Matan gida suna satar kallon Inna Safiyatu, ita kuwa ta kafa wa gonakin gefen hanya ido har aka iso. Jumma ta san gobe labarin zai riga ta zuwa rijiya, a ce ta zubar da kunya a gaban Turawa. Ta shiga gida ta ɗora girki, ba ta yarda sun haɗa ido da suruka ba.

Da safe ta fito tsakar gida ta ga ɓawon gyaɗa barkatai, ta ce, “Ke, miƙo min tsintsiya.”

Yarinyar tana bakin ƙofar ɗaki tana ɗaura igiyar takalmi, tsintsiya na gefenta. Ko motsi ba ta yi ba.

“Yarinyar nan, ba da ke nake ba?”

Sai dai gefen bakinta yana motsi, tana danne dariya.

Inna Safiyatu tana kan tabarma tana shan koko. Ta kurɓa, ta ajiye ludayi, ba ta dubi kowa ba ta ce, “Kira ta mana, ai kin riga kin fasa. Jiya ma mu na baya ba mu ji da kyau ba.”

Jumma ta dubi tsohuwa, ta dubi 'yarta. Ta riƙe ƙugu, ta cika ƙirji, ta kira ta da muryarta ta kullum. Mubina ta taso da gudu da tsintsiya a hannu.