Zakin da Ya Kwanta a Bakin Ƙofa

Kakarmu ba ta yin tatsuniya da bazara. Takan ce zafin Potiskum kaɗai ya ishi mutum, ba sai an ƙara masa da ƙarya ba. Amma da zarar damina ta zauna, masara ta yi goyo, sai madafinta ya koma wurin taronmu. Ana idar da sallar magariba za ka gan mu muna rige-rigen shiga, kowa yana neman wurin da hayaƙi ba ya bi.

Ɗan ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, yana yoyo ta kusurwa ɗaya, an ajiye tsohuwar tasa tana tarar ruwan. Idan ruwan ya tsagaita mukan jiyo ƙahon manyan motoci daga titi, in kuma jajibirin kasuwa ne, har da kukan shanu. Kaka tana zaune a kan turmin da ta kifar, tana juya masara a kan garwashi da yatsunta, ko uffan ba ta cewa don zafi. Mu uku ne ba ma fashi: ni, da yayana Idi, da Ngozi, 'yar maƙwabtanmu masu shagon kayan gyaran mota. A nan aka haifi Ngozi, kuma Hausarta ta fi ta Kaka nesa ba kusa ba.

Kaka daga wajen Fika aka auro ta, Bolanci ne a bakinta, Hausa da girmanta ta koya. Har ta koma ga Allah ba ta damu da raba “ya” da “ta” ba. Idan ta ce “yarinyan nan ya cika tambaya” muka kwashe da dariya, sai ta nuna mu da sandar tona wuta.

“Kun gane ko ba ku gane ba?”

“Mun gane, Kaka.”

“To ku bar min Hausana, ba aron naku na yi ba.”

Ni ce yarinyar da ta cika tambayar, kuma har yau ban warke ba.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai ɗaya da muke sa ta maimaitawa saboda yadda take kwaikwayon muryoyi. Takan fara da cewa ta kwance bakin buhu, mai kunne ya tara. Wai dabbobin dawa ne suka gaji da dukan ruwa, suka yi shawarar gina gida ɗaya babba na kowa da kowa. Ba na fakewa kaɗai ba ne. A ciki za a riƙa taro, a yi suna, a sasanta masu faɗa, kuma tsohon kunkuru ya riƙa koya wa yara inda ake samun ruwa da rani da ganyen da ba a ci. Giwa ta jawo itatuwa, gara ta kwaɓa ƙasa, tsuntsaye suka kawo ciyawa, raƙumin dawa ya yi rufi tunda shi ba ya buƙatar tsani. Aka yi wa gidan ƙofa guda, mai faɗin da giwa za ta shige ba ta goga ba.

To akwai wani tsohon zaki, haƙoransa sun zube, ya kuma yi rantsuwa a gaban kowa cewa ba zai taɓa ko ƙuda ba a gidan nan. Da gaske yake yi. Sai dai ya lura duk gidan babu inda iska ke kaɗawa kamar bakin ƙofa, don haka can ya shimfiɗa jikinsa. Bai tare hanya ba, ga fili nan ta gefensa. Damisa ta zo suka gaisa ta zauna, ɓauna ya zo ya zauna, kura ma ta samu wuri, hira ta yi daɗi.

Ruwa ya kece. Barewa ta taho a guje, ta hango su, ta ja birki a gindin wata bishiya. Zomo ya zo ya tsaya a bayanta, gada ma haka. A nan Kaka takan kumbura kumatu ta saukar da murya.

“Barewa! Shigo mana, gidan kowa ne.”

Sai ta sirance muryar, tana kaɗa kai kamar mai jin sanyi.

“Ranka ya daɗe, ai wanka nake yi.”

“Zomo, kai fa?”

“Ni nake cuɗa masa baya, ranka ya daɗe.”

A wurin nan Ngozi takan faɗi ƙasa don dariya, ko sau nawa ta ji.

Abin ya dami zaki ƙwarai. Ya ce an sha wahala an yi gini, ga kunkuru yana zaune a ciki shi kaɗai yana gyangyaɗi, amma ƙananan dabbobi ba sa son ilimi, sun fi son yawo a ruwa. Ana nan sai gafiya, da ba ta iya zama ba tono ba, ta huda bangon baya. Zomo ya faɗaɗa ramin, gada ta tunkuya, har ya kai yadda barewa za ta sunkuya ta shige. Wata rana zaki yana kwance ya ji hayaniya a bayansa. Ya waiga ya ga gida cike maƙil, kunkuru yana ta zuba bayani, 'ya'yan zomo sun jeru a gabansa. Zaki ya dube su, ya dube su, sai ya fashe da dariyar murna.

“Ba na faɗa muku ba? Ni ban hana kowa ba!”

Daga nan Kaka takan ce buhu ya zazzage, a tattara totuwa a kai wa awaki. Mu kuwa sai musu. Idi ya ce barewa matsoraciya ce kawai, zaki marar haƙora me zai yi mata? Ngozi ta ce zakin ne ya kamata ya matsa. Ni na riƙe zanen Kaka na ce sai ta faɗa min mai laifi.

“Zaki yana da gaskiya,” in ji ta, “barewa ma yana da gaskiya. Ginin ne ba shi da gaskiya. Sakar min zane.”

Ban gane ba, kuma ban ɓata dare ina tunani ba, hankalina yana kan masarar da ta rage.

Shekaru suka wuce, Kaka ta rasu, ni na yi karatun zanen gine-gine. Ina aiki a Damaturu sai ƙungiyar cigaban unguwarmu ta neme ni. Sun samu fili, suna son gini ɗaya da zai ɗauki abubuwa da yawa: laburare, da zauren taro, da ɗakin kwamfuta na matasa, da ajin da mata za su koyi karatu da ɗinki. Na yi murna har na kasa cin abinci. Mutum ya yi ta zana wa baƙi ofisoshi, yau ga shi an ce ya zana wa unguwar da ta raine shi.

Na jera ɗakunan kewaye da tsakar gida mai bishiyoyi, irin gidajenmu. Zauren taro na sa shi gaba ta wajen titi, don kiɗan biki da tafin 'yan taro su tsaya can. Ɗakin karatu na kai shi ciki, da tagogi masu tsawo ta kudu da arewa, iska ta riƙa ratsawa, rana ba ta dafa littattafai ba, ko an ɗauke wuta a iya zama. A gaba na zana babbar ƙofa da baranda mai faɗi da dakali, saboda gini a garin nan in babu inuwa a gabansa bai cika ba.

Ina cikin zana dakalin ne hannuna ya tsaya. Na san waɗanda za su zauna a kai, har na san wurin kowa. Dattawan unguwa ne, mutanen kirki, iyayenmu. Na kuma san abin da ke kan macen da za ta wuce ta gabansu: ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaida su ɗaya bayan ɗaya, a tambaye ta maigida da yara, wani ya ƙara da “ina zuwa haka?” Wace matar aure ce za ta yi wannan kullum, sannan ta amsa da cewa za ta je koyon baƙaƙe? Sai na buɗe wata ƙaramar ƙofa ta gabas, ta cikin lungu, mai faɗawa kai tsaye tsakar gida.

Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Bukar, aminin mahaifina, wanda ya yi min huɗuba ranar da aka haife ni. Da na baza takardar a gabansu ya yi ta sa albarka, yana kirana Injiniya yana dariya, har yatsansa ya sauka a kan ƙofar gabas.

“Wannan fa, 'yata?”

“Ƙofa ce ta biyu, Baba.”

“Ta ɓarayin littafi?”

Sauran 'yan kwamitin suka kama maganar. Maigadi ɗaya za a ɗauka. Kuma shekarun tashin hankalin da garin nan ya gani sun koya wa kowa cewa wurin taro ƙofa ɗaya ake masa, a san mai shiga. Ba maganar banza suke yi ba, na sani. Na nuna musu cewa teburin mai kula da laburare yana kallon ƙofofin biyu a lokaci guda, kuma ta gabas ana rufe ta da magariba. Alhaji Bukar ya gyaɗa kai.

“Na ji. Amma amfaninta me? Ga ƙofa nan kamar ta masallacin Juma'a.”

Ta yaya zan dubi mutumin da ya goye ni a kafaɗa in ce masa shi ne matsalar? Sakatare har ya cire murfin biro zai soke ta. Na tsorata, domin na san in ƙofar nan ta tafi, ajin matan zai ƙare a ɗakin ajiye kujeru, a ce mata ba sa son karatu. Ban san lokacin da na ji bakina yana cewa, “Baba, a ba ni izini in yi tatsuniya” ba.

Haka na tsaya da digirina a gaban dattawa ina maganar gafiya. Har muryar barewa na yi. Suka yi ta dariya, wani yana share hawaye da bakin rawani. Alhaji Bukar ya karkace hula ya dube ni.

“Wato ni ne zakin marar haƙora?”

“Ni ban ce ba, Baba.”

“Mu da muke sa wa kowa albarka? Ku faɗa min, wa muka taɓa hanawa wucewa?”

Wurin ya sake ɓarkewa da dariya, sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Ya yi murmushi, amma na ga bai gamsu ba. Ya ce a ɗage maganar zuwa zama na gaba, sakatare ya mayar da murfin bironsa. Na koma Damaturu zuciyata ba daɗi.

Ba a kai ga zaman ba ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa shi kaɗai, babu fara'ar da na saba gani. Ya ce ya ba matarsa Hajiya Fanna labarin ne don su yi dariya, sai ita ba ta yi ba. Ta ce masa tun da aka kawo ta unguwar nan tana amarya ba ta taɓa bi ta gaban majalisarsu ba. Ko gidan 'yarta za ta je, gidan da ake hangowa daga inda suke zama, sai ta zagaya ta bayan injin niƙa, ta cikin taɓo in damina ce, da ciwon gwiwarta.

“Ni ina zaton zumunci take yi da mutanen lungun,” in ji shi. “Mun yi jikoki da matar nan, wallahi ban sani ba.”

Ya jawo takardar zanen ya ɗora yatsa a kan ƙofar gabas.

“Ƙofar nan taki ta yi ƙanƙanta. Mace da goyo da kaya a ka, ta ina za ta wuce? A ƙara mata faɗi.”

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta gafiya ce, mai wayon tono. Yanzu zakin nake tunawa, kuma da tausayi. Mutum yana iya zama katanga da kirkinsa, bai kuma sani ba, domin waɗanda ya tare suna ganin girmansa da yawa, ba za su faɗa masa ba. Tun daga aikin nan, duk ginin jama'a da zan zana nakan fara tambayar kaina waye ba zai iya shiga ba, ko da an bar ƙofa a buɗe.

An gama ginin. Dattawa suna barandarsu kamar yadda na zata, da butocinsu da rediyo. Ta gabas kuwa daga hantsi zuwa la'asar takalman mata ne a zube, Hajiya Fanna tana cikin 'yan aji, kuma an ce ta fi kowa surutu.

Kwanakin baya na je duba wata taga da ke shigar da feshin ruwa. Darbejiyar da muka dasa a lungun ta fara inuwa, wasu magidanta sun jawo benci sun kafa daidai bakin ƙofar gabas, hira ta fara daɗi. Ina tunanin yadda zan yi musu magana sai ga Alhaji Bukar ya zagayo, yana dogara sanda. Suka miƙe suna gaishe shi. Bai tsaya dogon bayani ba, ya jingine sandar, ya kama bencin ta gefe guda yana ja da kansa.

“Ku kama min,” ya ce musu. “Namu wurin yana gaba.”