Buhun Barcin Yaya Sale

Ina tsugune a haraj, kasuwar gwanjon Makka, ina karkaɗe wata tsohuwar darduma, sai maƙwabcin Yaya Sale ya dafa kafaɗata ya ce, "Haruna, tashi. Sale ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi mamaki ba, don na san tarin nan da ya kama masa ƙirji ba zai bar shi ya ga ƙarshen sanyin bana ba. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Mu'alla. A wajen zaman makoki kowa sai yabo yake zubawa, har waɗanda ba su taɓa leƙa shi ba yana kwance. Yanzu ni zan faɗi nawa.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Hanya ce ta haɗa mu, muka taho a ƙafa daga Haɗeja muna samari, shi ne babba, tun daga nan nake ce masa Yaya. Tare da mu akwai ƙanensa Audu. Tsakanin Abashe ta Chadi da Fashir ta Sudan sanyi ya same mu a fili, ba mu da abin rufa sai rigunan jikinmu. Yaya Sale ya tuɓe tasa ya lulluɓa wa Audu, duk da haka a can muka binne shi. Muka iso Makka, shi ya kama ɗaukar ruwa yana kai wa gidaje a unguwar Mansur, ni na shiga dillanci. Garwa ta ci masa kafaɗa har ta yi kanta, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Gidan da ya san babu namiji kuwa, ruwansa kyauta ne.

Bayan babban yaƙin Turawa, kayan soja suka cika kasuwar Jidda. Ran nan sai ga shi da wani abu a naɗe, bakinsa har kunne. Bargo ne da aka ɗinke kamar buhu, aka cusa masa lallausan gashin agwagwa, mutum ya shige ciki ya ja baki. Ba shi da nauyin kirki, yana naɗuwa ya shiga jakar matafiyi. Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, a garin da zafi ke dafa ƙwai?" Ya ce, "Ba na Makka ba ne, na hanyar gida ne. Sanyin da ya ɗauke mini Audu ba zai ƙara samuna a tsirara ba."

Daga nan duk shekara, in alhazai suka watse, sai ya fito da buhun ya baza a inuwa ya sha iska, ya ce, "Baɗi in sha Allahu." Baɗin ta zo matarsa Hajiya Mairo ba lafiya. Wata baɗin ya tara wasu alhazan Gumel da guzurinsu ya ƙare, yana ci da su. Wata kuma ɗansa Abdurrahman zai yi aure. Buhun dai ba a kwana a ciki ba sai 'yan lokuta, yawanci ma baƙo ne mai zazzaɓi ya samu aro. A ciwonsa na ajali na tarar da shi yana makyarkyata a kan tabarma, na ɗauko zan saka shi ciki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi, kada ya yi warin ciwo. In ban je ba, Haruna, shi ya je. Ka ba wanda zai taka Haɗeja."

Mu biyu ne a ɗakin, ba ni da shaida. Bayan sadakar bakwai aka zo rabon gado. Buhu ba ya rabuwa, sai a sayar, kuma ni aka miƙa wa. Na gaya wa Abdurrahman wasiyyar ubansa. Yaro ne da a Makka aka haife shi, wanda in uban ya yi masa Hausa a titi sai ya amsa da Larabci yana waige-waige. Ya kira ni "ya ammi," wato baffa, ya ce, "Maganar mai zazzaɓi ce. Ka sayar kawai." Na ce to a bar ni in nemi mai saye cikin masu komawa gida, in ya so an cika haƙƙin magada an cika na mamaci.

Na bi Mansur gida-gida, na shiga unguwar Utaibiyya. Duk wanda na warware wa sai ya shafa ya tambaya, "An yi amfani da shi?" Aikin dillali ne ya faɗi gaskiyar kaya, sai in ce, "Kaɗan ƙwarai, kusan sabo ne." Wallahi duk lokacin da na faɗa sai in tuna abin da ya bar shi sabo. Wani ya ce shi mota zai shiga daga Sudan, wa ke tafiyar ƙafa yanzu? Wani ya ce ba ya kwana a shimfiɗar mamaci. Na koma wajen yaron na roƙe shi ya jira har bayan aikin Hajji, lokacin da masu komawa ke yawa. Ya ƙi. Na ce to ya sayar mini. Ya ce, "Dillali ba ya sayen amanar da ke hannunsa. So kake a ce ka ci marayu?"

Washegari da hantsi ya zo haraj da wani mai ɗinkin katifa. Yaron ya zare buhun daga gabana, suka yi ciniki da Larabci a kaina kamar ba na wurin. Mutumin bai ko jira ya kai shagonsa ba, ya ce sai ya ga cikin. Ya sa almakashi ya farke shi daga baki zuwa gindi. Gashin ya tashi ya bazu a kasuwa, mutane na kaɗewa daga rigunansu suna dariya. Mai katifar ya ce zai yi filo biyu masu kyau. Abdurrahman ya ce, "Halas," wato an gama, ya juya ya tafi.

Ni da furfurata na durƙusa ina tsintar abin da ya zube a ƙasa, ana tattaka mini yatsu. Abin da na samu bai cika tafin hannu ba. Na ƙulle shi a ƙyalle, yana aljihuna, ina jiran mutumin Haɗeja na farko da zai koma ya zuba shi a ƙofar gidan su Yaya Sale. Iyakar abin da na iya yi maka ke nan, Yaya, kuma na san bai kai ba.

Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya gafarta masa, ya sa ruwan da ya shayar ya zame masa inuwa ranar hisabi. Allah ya haɗa shi da Audu a Aljanna. Allah ya ba Hajiya Mairo haƙurin wannan rashi, ya rufa mata asiri. Abdurrahman kuwa, Allah ya shirye shi, kada ya haifi wanda zai ji kunyar harshensa. Ya Rabbi, bawanka ya daɗe yana cewa baɗi, ka sauke shi a gidan da ba zai sake jira ba. Amin.